Furen balsamroot da masu kama da shi a dazukan yammacin Amurka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. A gangaren duwatsun Idaho, tsakanin itatuwan sagebrush, dangin tazargade, akwai wani fure ruwan ɗorawa da ke cika wuri a watan Mayu. Wasu na cewa balsamroot ne, wasu na musu. Ta ina ake gane shi?

Daga Utah: Wa alaikumus salam. Malam, ƙyale furen, koma kan ganye, don furensa da na masu kama da shi duk kusan ɗaya ne. Ganyen balsamroot, wato Balsamorhiza sagittata, daga gindi yake fitowa a dunƙule, kowanne da doguwar sandarsa, siffarsa kamar kan kibiya, tsawonsa kan kai santimita 30 ko fiye. Juya bayansa: toka-toka ne, da laushin gashi. Karan furen kusan tsirara yake, galibi fure ɗaya a kai. Ka murza ganyen ka shinshina, za ka ji ƙanshin ƙaro.

Daga Montana: Gaskiyarki, Hajiya. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne Wyethia amplexicaulis, da ake kira kunnen alfadari. Nasa ganyen kore ne shar, yana sheƙi, babu gashi, dogo mai tsini, kuma yana hawa kara ya rungume shi. Ƙasar ma tana faɗa maka, domin ya fi son laka mai riƙe danshi, shi kuwa balsamroot busasshiyar gangara mai tsakuwa da rana.

Daga Oregon: Kar a manta da arnika, ita ma furenta ruwan ɗorawa ne. Ƙarama ce, a inuwar bishiyoyi take, ganyenta biyu-biyu suna fuskantar juna a kara. Wannan bambancin ba na wasa ba ne: ƴan asalin yankin sun daɗe suna cin irin balsamroot da saiwarsa, arnika kuwa guba ce a ciki.

Daga Utah: Wani abin kuma, in ka ga ganye mai tsage-tsage a gefe, wataƙila barbara ce da wani nau'in balsamroot, Balsamorhiza hookeri, suna haɗuwa inda suka yi maƙwabtaka. Kuma don Allah kada a tona. Saiwar balsamroot kan nutsa mita 2, shi ya sa yake tofowa bayan gobarar daji, amma da an cire shi ya mutu, ga shi sai ya yi shekaru kafin furen farko. Ɗauki hoton ganye gaba da baya, da kara, da ƙasar wurin.