Yaron shagona akwai amana amma ba fara'a, in sallame shi ko in haƙura?

Ɗan Kwari:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma ɗan yayata ne ke tsare min shi, shekara huɗu kenan. Maganar gaskiya yaron nan ko naira ɗaya ban taɓa nema na rasa ba, lokacin wahalar kuɗi ta farkon 2023 da kowa ya koma tiransifa sau biyu yana kama alat na bogi, sannan ranar da ruwa ya shiga kasuwa a damunar 2022 ina gida ban ma sani ba shi kaɗai ya kwashe kayan ya hau da su sama. Turmi nawa ya shigo nawa ya fita duk a kansa yake.

Matsalar ita ce fuska. Kullum a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, kuma ba ya jure tayi ko kaɗan. Shekaranjiya wata Hajiya da ta daɗe tana haɗa lefe a wajenmu ta taya gezna ƙasa da kuɗinta, kawai ya ce mata in ba saya za ki yi ba ajiye. Wlh matar ta fita ba ta waiwayo ba. Na yi faɗan na yi nasihar har na gaji, ga uwarsa kuma yayata ce ciki ɗaya. Ya zan yi?

Malam na Fagge:
Alhaji ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Ni a ganina ba yaron ne matsala ba, gurbin da ka ajiye shi ne. Ka duba Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, Annabi (SAW) da kansa ya shaide shi da gaskiyar harshe, amma da ya nemi a ba shi muƙami sai ya ce masa kai mai rauni ne, ita kuma amana ce. Ba a kore shi daga cikin sahabbai ba, abin da bai dace da shi ba kawai aka hana shi. Ka mayar da naka kan sito da lissafi da POS, ka samo wani mai zaƙin baki ya riƙa tarbar mutane.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri ni dai ban yarda a lulluɓe ba. Mu ne masu sayen nan fa, kuma tayi ai ba zagi ba ne, haka kasuwa ta gada. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ni in aka min irin wannan ko kyauta ake rabawa a shagon ba zan koma ba, kuma sai na faɗa wa ƙawayena. Amanarsa kai kaɗai ka san da ita, kwastoma fuska take gani. Aƙalla dai ka sa shi ya kira Hajiyar ya ba ta haƙuri.

Baban Walid:
Hmm Alhaji ka tambaye ni. Na taɓa riƙe wani yaro, in yana yi wa kwastoma magana sai ka rantse ƙaninta ne, Hajiya sannu Hajiya ga ruwa, 'yan Nijar da 'yan Chadi in sun zo sari shi suke nema ba ni ba. Sai da na zauna lissafin ƙarshen shekara na ga ramin da ya haƙa min, ashe da jarina yake juya nasa kasuwancin a gefe. Har yau ban gama farfaɗowa ba. In ka sallami naka dan Allah ka turo min shi, da murtukewar tasa ina so.

Ɗan Kwari:
Hhh Baban Walid ba zan bayar ba. Na gode kwarai jama'a. Malam shawararka ta shige ni, sai dai albashin yaro na biyu ne abin dubawa, kasuwar ba kamar da ba, sai na ga yadda cinikin azumi zai kasance. Maman 'Yan Biyu kin yi gaskiya, amma in na ce ya kira ta da wannan muryar tasa ƙara ɓata abin zai yi, gobe in Allah ya kai mu ni zan je gidan da kaina in tafi da shi ya riƙe ledar atamfar.