"Barci ƙanin mutuwa": a faɗe shi a gidan makoki ko a bari?

Maman Ishaku, Sabon Gari:
Salama gare ku 'yan'uwa. Yau sati uku ke nan da muka binne mahaifiyata. Ranar zaman makoki wata dattijuwa ta Zumuntar Mata ta majami'a ta ɗora ɗana a cinya, shekararsa biyar, ta ce masa, "Daina kuka, Kaka barci take yi, ai barci ƙanin mutuwa ne." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. To amma tun ranar yaron ya ƙi barci. Ga zafin nan, a tsakar gida muke kwana, da na gyangyaɗa sai in ji ɗan yatsansa yana buɗe mini ido, wai yana duba ko ina nan. Shekaranjiya ya tambaye ni, in shi ma ya yi barci za a kai shi inda aka kai Kaka? Don Allah, haka ake amfani da karin maganar nan, ko mu ne muka aza masa kayan da ba nasa ba?

Tsohon Mushe:
Sannu ɗiyata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Shekara talatin na yi ina mushe, wato malami, ina koyarwa a lakwal, ban taɓa jin an kawo wannan karin magana a gidan mutuwa ba sai a bakin mutanenmu na majami'a. Asalinsa uzuri ne ga mai barci. Ɓarawo ya haura katanga ya kwance tumaki uku, mai gida na kwance a bakin garke bai ji komai ba, da safe ana yi masa dariya, sai wani ya ce, ku ƙyale shi, barci ƙanin mutuwa. Wato mai barci ba a tuhumarsa, don ba ya nan. Barci ake kwatantawa da mutuwa, ba mutuwa da barci ba. Dattijuwar nan juya rigar ta yi.

Sai dai in faɗi gaskiya, Hausa da kanta takan juya ta. Muna cewa wane ya kwanta dama, muna kiran kabari makwanci. Har kalmar cimetière da muka koya a Faransanci, tushenta kalmar Helenanci ce mai nufin wurin kwana, kuma Kiristocin farko ne suka laƙaba wa makabartunsu ita.

Ɗan Birni:
Baba Mushe, da girmanka, ni ina ganin juyawar ita ce daidai, domin ba dattijuwar ce ta fara ba. A Markus sura 5, an cika gidan Yayirus da kururuwa, yarinya 'yar shekara 12 ta mutu, Yesu ya shigo ya ce barci take yi. Dariya suka yi masa. Ya kama hannunta ya ce "Talita kumi", ta tashi. Haka Bulus ma, masu barci yake kiran matattun ikilisiya a 1 Tasalonikawa 4. Kakanninmu sun ba mutuwa girman wa, barci kuwa ƙane. Tun safiyar Lahadin da aka tarar da kabari wayam, girman ya faɗi. Me zai hana mu faɗa?

Inna Mai Allura:
Ɗan Birni, ka karanta Yohanna 11 har ƙasa. Yesu ya ce wa almajirai Li'azaru ya yi barci, za shi ya tashe shi. Manya da gemu, me suka ce? In dai barci ne ai zai warke. Daidai fahimtar Ishaku. Da ya ga ba su gane ba, sai ya fito musu fili: Li'azaru ya mutu. Da ya isa Betanya ya tarar mutumin ya kwana huɗu a kabari, bai ce wa Marta da Maryamu su daina kuka ba, shi ma hawaye ya zubar, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci.

Na daɗe ina aiki a gidan likita, na ga yadda muke gudun kalmar. "Ya huta", "ya tafi", "jikin ya yi tsanani". Babba ya san abin da ake nufi. Yaro kuwa yadda ka ba shi magana haka yake haɗiye ta. Maman Ishaku, ki zaunar da shi da rana, ba da dare ba, ki ce masa Kaka ta mutu, jikinta ya daina aiki saboda tsufa da ciwo, barcinsa na dare kuma wani abu ne dabam. Sai bayan nan ki gaya masa wanda zai tashe ta.

Maƙwabcinku, Garin Malam:
Ku yi mini izini, ni Musulmi ne, amma makokin nan har ni na zauna, don marigayiyar uwa ce a wurinmu duka. Mu ma maganar ba baƙuwa ba ce. A Suratuz Zumar, aya ta 42, an haɗa ɗaukar rai a mutuwa da ɗaukarsa a barci. Addu'ar da muke koya wa yara in sun farka kuwa godiya ce ga Allah da ya raya mu bayan ya kashe mu, kuma gare shi tashi yake. Na san inda muka rabu da ku, ku kuna jingina tashin ga tashin Almasihu, mu ba haka muka karɓa ba, kuma ba gardama ta kawo ni ba. Abin da na lura kawai, mu da safe muke tuna wa yaro maganar, lokacin da ya riga ya farka yana ganin rana. Wataƙila lokacin faɗar ne ya ɓata, ba maganar ba.

Inna Mai Allura:
Malam, wannan ka faɗi gaskiya. Mun gode da zumunci, ba yau ka fara ba.

Manomi daga Mirriya:
Ni ban yi lakwal mai zurfi ba, amma in ni ne, ba barci zan kawo wa yaro ba, binne zan nuna masa. Yanzu haka shi muke shirin yi. Ruwa bai sauka ba, ƙasa ta yi zafi har ba ka iya taka ta ba takalmi, mu kuwa mu ɗebi hatsin da ya rage a rumbu, wanda yara ke kallo da yunwa, mu sara rami da sungumi, mu jefa 'yan ƙwayoyi, mu take da diddige, mu koma gida. Wanda bai san noma ba zai ce mun zubar da abinci. Kalmar kuma ɗaya ce, da ta gawa da ta iri: binnewa. Ranar da aka karanta mana 1 Korantiyawa 15 a bakin kabarin babana, inda Bulus ke cewa abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu, kuma ba jikin da zai fito kake shukawa ba, ƙwaya ce tsura, sai na ji kamar mutumin ya taɓa riƙe sungumi. Ƙwayar hatsi ba ta kai idon kaza ba, amma ka dubi karan da ke fitowa, ya fi ka tsawo, ga zangarniya. Wa zai dubi ƙwayar ya zana maka karan? Shi ya sa ba na wahalar da kaina da tambayar da wane irin jiki babana zai tashi, ko da ƙafarsa mai ciwo.

Tsohon Mushe:
Misalin ya yi kyau, amma kada mu ruɗi kanmu, binne caca ce. In yayyafi ya ɗan jiƙa ƙasa ya ɗauke, irin ya tsira ya ƙone. Wani lokaci ɓera da tururuwa su riga ruwa. Sau nawa ka sake shuka?

Manomi daga Mirriya:
Sau da yawa, Baba, har da bashin iri. Amma surar nan dai ta kira Almasihu nunan fari na masu barci. A wurinmu nunan fari shi ne tumu. Ranar da ka karyo zangarniyar farko ka gasa, ka murza a tafin hannu, ka hure ƙaiƙayi ka watsa a baki, ai maganar caca ta ƙare, ko da sauran gonar ba ta nuna ba. Mu tumun muka riga muka ci.

Mai Kabu-kabu:
Duk kuna maganar waɗanda ke ƙasa. Akwai masu barcin da ke yawo da ƙafafunsu, ni na yi shi. Shekara shida ina shan tramol don in jure rana a kan babur, daga ƙwaya ɗaya har na daina ƙirga. Na taɓa sauke fasinja a Kasuwar Dole, na dawo gida ban san ta wace hanya na bi ba. Matata ta kwashe yara ta koma gidansu. A lokacin in ka ce mini barci ƙanin mutuwa, ni ne ƙanen. Akwai wurin da aka ce a Afisawa 5, mai barci ya farka ya tashi daga cikin matattu, kuma da masu rai ake. Ranar baftismata fasto ya karanta Romawa 6, cewa an binne mu tare da shi domin mu yi sabuwar tafiya. Sai da aka sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa aka cika wurin baftismar, kun san halin Damagaram. Bana shekara huɗu. Ba zan yi muku ƙarya ba, in na wuce mai tallar magani har yanzu bakina yakan yi yawu, shi ya sa na canza tashar da nake tsayawa. Matata ta dawo bara.

Ɗan Birni:
Yaya, Ubangiji ya riƙe ka. Baba Mushe, ka yarda yanzu?

Tsohon Mushe:
Na yarda da rabi. Tun 1924 da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka garin nan na Damagaram, da 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, muke cusa sabuwar ma'ana cikin tsofaffin kalmomi, kuma ba laifi ba ne. A kan bagadi ranar Ista, a juya karin maganar yadda ake so, zan ce amin. Amma a kan tabarmar makoki, kwana ɗaya da binnewa, ni dai "sannu" da "sai haƙuri" nake faɗa, in sha furar da aka miƙo, in yi shiru.

Maman Ishaku, Sabon Gari:
Na gode muku duka. Jiya da hantsi na yi yadda Inna ta ce, na faɗa masa kalmar ba kwana-kwana. Ya yi kuka sosai, ni ma na yi. Na ba shi labarin 'yar Yayirus, abin da ya kama a ciki shi ne an ce a ba ta abinci bayan ta tashi, yana ta tambaya ko tuwo ne. Da dare sau ɗaya kawai ya taɓa mini ido. Baban Mirriya, wace rana za ku fara binnen? In ranar Asabar ce zan kawo shi, amma sai mun fito da sassafe, ba ya jure rana.