Dokar kulle ta 2020: laifin talaka ne ko na tsarin?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana game da annobar korona. A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da kulle Legas da Ogun da Abuja, sannan a ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana kulle Kano na makonni biyu, amma duk wanda ya zauna a cikin birni ya san cewa manyan tituna ne kawai suka yi tsit, lunguna kuwa ba su daina harka ba. Shin jama'a ne suka yi taurin kai, ko kuwa dokar ce ba ta dace da yanayin rayuwarmu ba?

Malamin Tsimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Hana mutum fita abu ne da ake saye da kuɗi. Birtaniya ta ɗauki nauyin biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, Amurka kuma ta aika wa yawancin manya dala 1,200 kowane. A nan kuwa ɗan dako da mai shayi da ɗan adaidaita sai sun fita da safe ake ɗora tukunya da daddare, kuma sunayen mafi yawansu ba sa cikin wata rajista da za a bi a tura musu tallafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne farashin ɗanyen mai ya rushe a daidai wannan lokaci, har aka sauke ma'aunin kasafin kuɗin shekarar daga dala 57 zuwa dala 28 kan kowace ganga, aka kuma karɓo rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ke nan aljihun gwamnati ya tsuke a sa'ar da ake buƙatar ta ciyar da mutane. Gana ma ba ta wuce makonni uku ba ta janye kullen Akara da Kumasi.

Ma'aikaciyar Jinya:
Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ban yarda a jingina komai ga rashin kuɗi ba, domin akwai matakan da su da kansu suka taimaka wa cutar yaɗuwa. Lokacin da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali, an cusa yara a motoci an tsallaka da su iyakoki, daga baya kuma gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa da dama daga cikin waɗanda aka kawo mata daga Kano suna ɗauke da cutar. Haka aka yi a Indiya, inda Firaminista Narendra Modi ya ba da wa'adin sa'o'i huɗu kacal kafin kulle ƙasar, 'yan cirani suka kama hanyar ƙauyukansu a ƙafa.

Ko sassaucin da aka yi a Kano na fita ranakun Litinin da Alhamis, a ganina ya tara cinkoson mako guda ne cikin kwana biyu. Ga kuma dakatar da gwajin korona da aka yi a Kano na wasu kwanaki a watan Afrilu, daidai lokacin da masu haƙa kabari ke cewa aiki ya yi musu yawa. Sai a watan Yuni ne Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona.

Bakatsine:
Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 2014 wannan ƙasar ce ta shawo kan Ebola bayan Patrick Sawyer ya shigo da ita Legas: mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi barin asibiti. Ba don mun fi arziki a lokacin ba ne kawai, an tarar da ma'aikatan yaƙi da shan inna a shirye, aka juya su zuwa bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. Gaskiya ne korona ta fi wuyar kamawa, tunda tana bin numfashi kuma mai ɗauke da ita na iya yawo lafiya lau. Amma tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Malamin Tsimi, saura tambaya ɗaya: kayan tallafin da jama'a suka fasa rumbuna suka kwasa a Jos da wasu garuruwa a watan Oktoban 2020, da an raba su tun lokacin kulle, kana ganin da sun isa su zaunar da mutane a gida?