Man aksil ɗin bayan Hilux: 90 ko 140?

Mai_Masara:
Salam 'yan uwa, masu harkar mota a taimaka min. Ina da Hilux tsohon yayi da nake ɗauko buhunan masara da ita daga ƙauye, to kwanan nan bayanta ya fara wani kuka wuuu haka, musamman in na saki totur a kan kwalta. Yaron gareji ya ce man aksil ne ya tsinke, a zuba 140 mai kauri kukan zai ɗauke, ogansa da ya dawo ya ce a'a 90 ake zuba mata. Ni kuma ina da ragowar man giya GL-4 tun lokacin da aka canza na giyabos. In juye shi kawai ko yaya?

Tsohon_Bakanike:
Wa'alaikumus salam. Malam wancan GL-4 ɗin ajiye shi, na giyabos ne. Aksil ɗin baya GL-5 yake sha, don haƙoran da ke ciki ba turin juna kawai suke ba, suna gogar juna ne da nauyi a kansu, shi kuma GL-5 an ƙara masa sinadarin salfa da fosfaras da ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ne wannan warin kamar ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji in an buɗe jarkar. Wannan rubutun na GL-5 shi za ka fara dubawa a jikin jarkar kafin ka zo kan maganar 90 ko 140. Kauri kuma 80W-90 ya wadaci irin motarka, in kana da littafinta ka bi abin da ya ce, sababbin Hilux ma 75W-85 Toyota ta rubuta musu.

Amma kukan nan gaskiya ba na jin mai zai kashe shi. Kukan da ke tasowa in an saki totur yawanci boris ne ya fara sakin jiki ko haƙoran sun sami wasa. 140 zai ɗan danne shi ka ɗauka an warke, ɓarnar tana nan tana ci. In za a tsiyaye man ka tsaya a wajen da kanka, notin ƙasan yana da maganaɗisu, ka shafa yatsa a kai. In baƙin gari ne mai laushi ba komai, in ka ji ɓarɓashin ƙarfe yana sukar yatsa to sai an buɗe.

Direban_Hiace:
Baba ni dai 85W-140 nake zubawa kuma ban ga laifinsa ba wlh. Ka ɗauki lodi a watan Afrilu rana na dukan kwalta, ka taɓa aksil ka ji yadda yake. Mai masara ma ai ba tafiyar ofis yake da motar ba.

Tsohon_Bakanike:
Ban ce haramun ba ne ɗana, ga mai lodi kullum cikin zafi yana da amfani in dai GL-5 ne. Abin da na ƙi shi ne a sayar masa da shi a matsayin maganin kuka.

Abu_Kwalta:
Ba wanda ya tambaye shi ko aksil ɗin LSD ne, wato irin wanda ba ya barin taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai in ta sami santsi. Wasu Hilux suna zuwa da shi, kuma in ka zuba masa man da ba a rubuta LSD ko LS a jiki ba, sai ka ji bayan yana kakkarwa yana gaf gaf in za ka sha kwana a hankali. Gwajin ba wuya, a ɗaga tayoyin baya biyu da jak, giya a firi, ka juya ɗaya da hannu. Ɗayar ta bi ta gefe guda LSD ne, ta juya baya kuwa na gama-gari ne. Sannan tunda hanyar ƙauye kake bi ga damina, ka duba launin tsohon man, in ya koma kamar koko ruwa ne ya shiga ta ɗan bututun iskan da ke saman aksil ɗin lokacin ƙetare rafi. Kuma ka sa yaron ya fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, kar ya tsiyaye mai sannan na gefen ya ƙi kwantuwa. Ana zubawa ne har sai ya fara dawowa ta ramin, motar tana tsaye a daidai.

Mai_Masara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rafi kam ina ƙetare shi duk ranar kasuwa. Gobe in sha Allahu za mu ɗaga ta mu juya tayar. Baba in boris ne ana canza shi kaɗai ko sai an sayo aksil ɗin gaba ɗaya ɗan Kwatano?