Kwanson harsashina ya yi ciki, in gyara ko in zubar?

Mai tambaya, daga Texas:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina zuwa filin koyon harbi kusa da Houston, kuma saboda tsadar harsashi na sayi injin cika kwanso na hannu, ina cika nawa a gareji. Bindigata Glock 22 ce, mai cin .40 S&W, irin waɗanda 'yan sanda suka ajiye aka sayar da su da araha. Makon jiya mai filin ya sayar mini da bokiti guda na kwanson da aka share daga ƙasa. Na wanke, na matse su a zoben matsi, wato ƙarfen da ke maido da kwanso girmansa na asali, kamar yadda na saba, na cika guda hamsin. Da na zo gwadawa a ma'aunin kwanso, wato ƙarfe mai rami daidai girman harsashi, goma sha ɗaya suka ƙi shiga, suka tsaya cak saura kaɗan gindinsu ya nutse. Na ɗaga ɗaya a hasken fitila, sai na ga ya yi ciki ta gefe guda, can ƙasa dab da gindi, in ka shafa da yatsa za ka ji tudun. Wani a filin ya ce in sayi na'urar da ake tura kwanso ya ratsa ta gaba ɗaya, kumburin ya koma. To ni dai gabana yana faɗuwa, don hannuna ne zai riƙe bindigar nan. Waɗanda suka daɗe a harkar, don Allah ku ba ni shawara.

Wani ɗan'uwa makaniki, daga Ohio:

Wa alaikumus salam. Malam, zoben matsinka lafiyarsa ƙalau, ba ya dai kaiwa wurin ne. Mariƙin da ke kama gindin kwanso yana cinye ɗan wuri, bakin zoben kuma an ɗan buɗe shi don kwanso ya shige ba tare da ya karce ba. Saboda haka akwai ɗan tsakani a ƙasa wanda zoben bai taɓa taɓawa ba, kuma nan ne daidai kumburin yake zama.

Dalilin kumburin kuwa daga bindigar da ta fara harba shi ne. A ƙasan ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu kafin a harba, akwai gangaren da harsashi ke hawa ya shige bututu. A wasu bindigogi, musamman tsofaffin Glock masu cin .40, an yanke gangaren nan ya ci cikin ɗakin sosai domin bindiga kada ta riƙa cijewa. Amfaninsa ke nan, amma ya bar wani ɓangare na kwanson ba ƙarfe a bayansa. Da albarushi ya tashi, sai tagullar ta bi wannan gurbi ta kumbura. Ka duba naka, za ka ga duk a gefe ɗaya kumburin yake, gefen da ya kalli ƙasa lokacin harbi.

Na'urar da aka gaya maka gaskiya ce tana aiki. Kamfanin Redding suna da mai suna G-Rx, kamfanin Lee suna da Bulge Buster. Kwanson .40 miƙaƙƙe ne, kuma bakin gindinsa bai fi jikinsa faɗi ba, shi ya sa yake iya ratsawa ya fita ta sama. Ni ina amfani da ita, kwansona suna shiga ma'auni sumul.

Wani dattijo, tsohon soja, daga Georgia:

Ɗana, abin da makaniki ya faɗa daidai ne, amma akwai sauran magana, kuma ita ce babba. Shiga ma'auni daban, ƙarfin kwanso daban. Lokacin da tagulla ta kumbura, miƙewa ta yi, kuma duk abin da ya miƙe ya yi siriri. In ka matse shi daga waje, siffar ce ta dawo, kaurin bai dawo ba. Ka ƙara masa wani aibin ma, domin tagullar kwanso, wadda kashi 70 jan ƙarfe ce kashi 30 tutiya, tana ƙara tauri da saurin tsagewa duk lokacin da aka lanƙwasa ta aka maido. Ka tuna yadda ake karya waya da hannu, a lanƙwasa nan a lanƙwasa can har ta rabu.

Ka kuma san irin harsashin da kake riƙe da shi. An fito da .40 S&W a 1990, Smith & Wesson da Winchester suka haɗa shi bayan musayar wutar da jami'an FBI suka yi a Miami a 1986, aka nemi harsashi mai ƙarfi da zai shiga bindiga mai girman ta 9mm. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa masa fam 35,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Kwatanta da harsashin .45 ACP mai fam 21,000. Wanda ya saba da .45 yana cika kwanso ɗaya sau da yawa ba abin da ya faru, sai ya ɗauka ko'ina haka ne, alhali .40 ba ya yafe ganganci.

Na taɓa tsayawa kusa da wani a fili ranar da gindin kwansonsa ya fashe. Wutar ta bi ta ƙasa, ta tunkuɗo gidan harsashi, wato magazin, ya faɗo ƙasa, jikin bindigar na roba ya tsage, tafin hannunsa ya yi baƙi ya kumbura. Gilashin kariya ne ya tsare masa ido. Da muka tsinci kwanson, ya ɓare ne daidai inda gangaren nan yake.

Ga yadda nake rarrabe nawa. In kumburi ne mai laushi, wanda sai ma'auni ya gaya maka da shi, wannan ana iya ratsa shi a cika shi da sassauci. In kuwa ka ga layi mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wanda farce ke maƙalewa a kansa, wanda masu harkar nan suke kira murmushin Glock, wannan ya gama aiki. Ka murƙushe bakinsa da filaya don kada wani ya tsince shi, ka jefa a bokitin 'yan gwangwan. Kuma kada wani ya ce ka gasa gindin da wuta don ya yi laushi. Gindin kwanso da taurinsa ake son sa, in ya yi laushi ka haɗa wa kanka bala'i.

Makanikin Ohio:

Baba ya yi gaskiya, kuma ya kamata in faɗi wannan tun farko: su kansu Lee sun rubuta a takardar na'urarsu cewa ba su ba da shawarar a gyara kwanson da aka harba a ɗakin da bai rufe shi duka ba. Ni bututun bindigata na canja, na sa na kamfanin KKM wanda ya fi rufe gindin. Kai kuwa kwanson da ya riga ya raunana za ka mayar cikin irin ɗakin da ya raunana shi. In wurin da ya yi siriri ya sake faɗawa kan gangaren, ka ga an taru biyu.

Wani mai shiga gasar harbi, daga Arizona:

Abin da ya fi damuna bokitin ne, Yaya. Ba ka san tarihin ko ɗaya a ciki ba. 'Yan gasar USPSA, wata ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, da ke harba .40 suna cika nasu da zafi don ƙarfin harsashinsu ya kai ma'auni 165 da ake nema a babban aji, kuma da yawansu sai kwanso ya tsufa suke barinsa a ƙasa. Mai cika harsashi ba ya barin kwanso mai kyau. Ka sayi sababbi na kamfanin Starline, ko ka harba na kanti ka tara naka, ka riƙa ƙirga sau nawa ka cika kowane rukuni.

Ka kuma lura da kan harsashi kada ya nutse cikin kwanso. A .40 nutsewa kaɗan tana rage wurin albarushi, matsi ya haura. Danna kan a jikin tebur da ɗan ƙarfi, ka auna tsawo kafin da bayan. Adadin albarushi kuwa daga littafin kamfani kawai, Hornady ko Lyman ko Speer, ba daga bakin kowa a nan ba, har da ni.

Wani daga Kano:

To wannan na'urar tana yi wa 9mm? Kuma ana iya samunta a gida?

Dattijon Georgia:

Kwanson 9mm ba miƙaƙƙe ba ne, gindinsa ya fi bakinsa faɗi, don haka ba a ratsa shi a zoben da aka yi wa girmansa. Batun gida kuwa, ɗana, ka bar shi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda mutum ya haɗa harsashi don kansa ba, ɗauri ne. Maganar da muke yi ta Amurka ce, inda dokar tarayya ta yarda ka cika don amfanin kanka, sayarwa kuwa sai da lasisi. Ko a nan ma, wanda yake zaune da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga da harsashi sai in ya cika wasu sharuɗɗa, kuma kowace jiha da nata ƙarin.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Maryland:

Ƙanena, ka ce a gareji kake wannan aikin. Ƙurar da ke fita daga tsohon kwanso tana ɗauke da dalma, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa. Mu da muka ji abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ka wanke kwanson da ruwa maimakon busasshen garin da ake goge su da shi, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci, kada yara su shiga wurin, kuma ka nemi likitanka ya auna maka jini.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na zauna da fitila da gilashin ƙara girma na bi goma sha ɗayan nan. Bakwai suna da jinjirin watan da Baba ya kwatanta, farcena yana tsayawa a kai. Na warware duka hamsin ɗin, na cire kawunan, na zubar da kwanson bayan na murƙushe su. Sauran bokitin zan kai wa masu sayen tagulla ranar Asabar, kuɗin in ƙara in sayi sababbi ɗari biyar. Yaya na Ohio, bututun da ka sa, shiga ya yi kai tsaye ko sai da maƙerin bindiga ya gyara maka shi?