Ƙasan kek ɗin fich yana jiƙewa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gashin kek. Ina neman taimako kan kek ɗin fich (ɗan itacen da ake kira peach da Turanci) mai ɓarɓashi a sama, wanda ake yankawa murabba'i. Fich nunanne da ba a dafa ba nake sa wa, irin na jihar Jojiya da ke nuna a Yuni da Yuli a nan Amurka.

Kwaɓin: fulawa kofi 3, sukari kofi 1, bota mai sanyi giram 225, ƙwai 1. Rabi nake dannawa a tire mai inci 9 da 13, in zuba yankakken fich kofi 5 da aka juya da sitacin masara cokali 2, in barbaɗa sauran, sai oba a digiri 190 na Celsius na minti 45.

Sama yana yin ja, yana ƙamas-ƙamas, amma ƙasan tsakiya sai ya fito caɓe, wuƙa ma ba ta ɗaga shi. Nunannen fich ruwa ne da shi sosai. Ƙara sitaci zuwa cokali 4 ya mai da cikin kamar kamu. Tsane ruwan kuwa yana tafiya da ɗanɗanon.

Shin in fara gasa ƙasan minti 15 tukuna, ko in tafasa ruwan da na tsane ya yi kauri in mayar? Kuma tiren gilas nake amfani da shi, na ƙarfe zai fi gasa ƙasan?