Wace kalma za mu sa wa "intelligent design"?

Mai fassara, Jidda:
Assalamu alaikum. Malamai, ana neman Hausar "intelligent design", wato ra'ayin da ke cewa kimiyya ta nuna wani mai basira ne ya tsara halittu. Larabawa suna cewa attasmimuz zaki. Uku aka kawo mana: "tsarin Mahalicci", "tsari mai basira", da "ƙirar gwani". Wacce za mu riƙe?

Malamar kimiyya, Makka:
Wa alaikumus salam. Malam, a fara ajiye "tsarin Mahalicci" gefe, domin masu ra'ayin da gangan suka ƙi ambaton Mahalicci. A 1987 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Luwiziyana da ta tilasta koyar da labarin halitta a matsayin kimiyya a makarantun gwamnati duk inda ake koyar da juyin halitta. A lokacin ana cikin rubuta littafin Of Pandas and People na koyar da 'yan makaranta, sai aka bi rubutun aka sauya kalmar halitta da danginta a wurare kusan 150, aka sa sabon suna, wato "intelligent design", bayanin kuwa yana nan yadda yake. A shari'ar garin Doba ta jihar Fensilbaniya a 2005, kan shigar da wannan ra'ayi a darasin kimiyya na makarantar gwamnati, aka baje tsofaffin kwafin a gaban kotu. Alƙali John Jones ya yanke cewa wannan ra'ayi ne na addini, ya kuma ce wasu 'yan hukumar makarantar sun yi ƙarya don su ɓoye manufarsu. Idan muka sa "Mahalicci", mun faɗa musu abin da suka ɓoye, mai karatu kuma ba zai gane a kan me aka yi shari'ar ba. Abin da ya fi damuna, yaro Musulmi zai ɗauka duk wanda ya soki ra'ayin ya musanta Allah ne.

Ɗalibin aƙida, Madina:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma ashe ba shi ne dalilul inaya da Ibnu Rushdi ya kafa ba, cewa dacewar halittu da bukatun ɗan Adam tana nuna Mai yi?

Malamar kimiyya, Makka:
Sun yi kama, ɗana, amma Ibnu Rushdi ya kira sunan Allah a fili, a babin aƙida. Waɗannan cewa suke yi ɗakin gwaji ne ya kai su. Masanin kimiyya Michael Behe, ɗaya daga cikinsu, a 1996 ya kafa hujja da wutsiyar da wasu ƙwayoyin bakteriya ke iyo da ita: in ka cire sashe ɗaya ta daina aiki, saboda haka, in ji shi, ba sannu a hankali ta samu ba, tsara ta aka yi. Masanin kimiyya Kenneth Miller ya amsa cewa wasu sassan nata suna da dangi a wata na'urar da ƙwayoyin ke tsira guba da ita, wato suna iya yin wani aiki ko da babu sauran. Dukansu 'yan Katolika ne, kuma ba su ɓoye ba. Ka ga imani bai raba su ba, hujja ce ta raba su.

Malamin Hausa, Jidda:
"Tsari mai basira" kuskure ne na nahawu: ta bai wa tsarin basira, alhali mai tsarawar ake nufi. "Tsarin mai basira" ta gyara, sai dai wannan "n" tana ɓacewa a kunne. "Ƙirar gwani" tana da daɗi, amma Bahaushe in ya ga abin mamaki "Allah gwani" yake cewa, mun koma matsalar farko ke nan. Shawarata: "ra'ayin akwai mai tsarawa". A gwada ta a jimla uku. Mai goyon baya: "Ina kare ra'ayin akwai mai tsarawa." Mai suka: "Ra'ayin akwai mai tsarawa ba a iya gwada shi." Ɗan jarida: "Kotu ta hana koyar da ra'ayin akwai mai tsarawa." Babu wanda aka sa wa magana a baki.

Ɗalibin aƙida, Madina:
Na gamsu, Malam, da sharaɗi: duk mai amfani da ita ya faɗi aƙidarsa tun a layin farko, ya raba "na yi imani" da "an gwada an gani". Wanda bai yarda da Allah ba ma haka, kada ya laɓe bayan Darwin, mai ra'ayin juyin halitta.

Mai fassara, Jidda:
Madalla, an riƙe ta. Saura "creationism". "Aƙidar halitta" ba za ta yi ba, tunda kowane Musulmi ya yarda da halitta, masu "creationism" kuwa da yawansu duniya mai shekara kusan 6,000 suke nufi. A kawo shawara.